Yadda Za Ka Zaga Garinku da Idon Baƙo

Ido, wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Ban san abin da maganar nan ta fi dacewa da shi kamar garin da mutum yake zaune a ciki ba. Baƙo zai sauka yau, kafin gobe ya riga ya ɗaga kai ya karanta shekarar da aka rubuta a goshin wani tsohon gini, ya tambayi dalilin sunan wata unguwa, ya tsaya kallon wata bishiya. Kai kuwa shekara ashirin kana wucewa ta nan, ko sau ɗaya ba ka taɓa ɗaga kai ba. Idonka lafiyarsa ƙalau. Ƙafarka ce ta haddace hanya, kuma da zarar ƙafa ta haddace hanya sai ido ya daina aiki.

A 1952 wani masanin zamantakewa ɗan Faransa, Paul-Henry Chombart de Lauwe, ya fitar da taswirar zirga-zirgar wata ɗaliba a birnin Paris na tsawon shekara guda. Da aka haɗa layukan, sai ga ƴar ƙaramar alwatika mai kusurwa uku: gidansu, makarantarta, da gidan wanda yake koya mata kiɗan fiyano. Ɗan abin da ya fita daga nan bai taka kara ya karya ba. Katafaren birni kamar wannan, amma rabonta a cikinsa bai wuce wurare uku ba. Kowannenmu yana da tasa alwatikar, kuma niyya kaɗai ba ta fitar da mutum daga cikinta. Ka ce yau za ka fita ka ga gari, bayan rabin sa'a ka tsinci kanka a layin da ka saba. Don haka dabarar da duk abin da ke ƙasa ya dogara a kanta guda ɗaya ce: ka karɓe wa ƙafarka ikon zaɓen hanya, ka damƙa shi ga wata doka ta wasa, ka kuma bi dokar da gaske.

Da farko, ka zana garin da ka

Kafin ka taka ko'ina, samu babbar takarda da fensir, ka kife wayarka, ka ba kanka minti goma sha biyar ka zana garinku daga abin da ke cikin kanka. Kada ka damu da kyan zane. Kevin Lynch, malamin tsara birane a Amurka, ya sa mazauna Boston da Jersey City da Los Angeles sun yi irin wannan, ya kuma bayyana sakamakon a 1960. Ya lura cewa abubuwa biyar mutane suke gina gari da su a ƙwaƙwalwarsu: hanyoyin da suke bi, iyakokin da suke tsayar da su kamar kogi ko layin dogo ko doguwar katanga, unguwanni, mahaɗar da jama'a da hanyoyi suke cuɗuwa, da kuma alamomin da ake kwatance da su. Ka sa waɗannan biyar ɗin a taka takardar.

Idan ka gama, buɗe taswira ta gaskiya ka ajiye su gefe da gefe. Abin nema shi ne fararen wuraren da suka rage a takardarka. Za ka ga hanyar wurin aikinka ta cika da bayani, har ramin da ke gefen titi ka tuna, amma wani ɓangare guda na gari babu komai a kai sai suna, wani ma ko sunan babu. Sau da yawa farin wurin yana farawa ne daidai bayan wata iyaka, wato gadar da ba ka da dalilin hayewa ko babban titin da kullum a wannan gefen nasa kake. Ka zagaye wuraren nan da jan biro. Ka rubuta kwanan wata a ƙasan takardar ka adana ta, za a dawo kanta.

Shiri

Ware rabin yini wanda babu saƙon kowa a cikinsa. Wannan sharaɗi ne babba: ranar da ka haɗa yawon da biyan wata buƙata, buƙatar ce za ta ja ragamar tafiyar. Takalmin da ƙafarka ta saba da shi, ruwan sha, abin kare rana ko ruwan sama, ɗan littafi da biro, kuɗin motar dawowa, waya mai cikakken caji amma a cikin jaka. Ka gaya wa wani a gida ɓangaren da ka nufa da lokacin da za ka dawo. Mai lafiya yana cin kusan kilomita biyar a sa'a idan tafiya kawai yake yi, amma mai kallo da tsaye-tsaye ya lissafa rabin haka.

Tafiya kai kaɗai tana da daɗi, sai dai mutum biyu ko uku sun fi. Guy Debord, wanda ya rubuta ƙa'idojin irin wannan yawo na sakin jiki a birni a 1956, shi ma adadin da ya fifita ke nan. Dalilin a fili yake: abin da ya kuɓuce wa idonka na abokinka zai kama, amma da an yi yawa sai hira ta cinye kallo.

Zaɓi wasa ɗaya

Ɗaya tak a kowace fita. Wanda na fi so a fara da shi shi ne dokar shan kwana, don ba ya buƙatar komai. Kafin ka bar ƙofar gida ka rubuta doka a littafinka, misali: layi na biyu a dama, layi na biyu a dama, layi na farko a hagu, sai a maimaita. Shi ke nan. Ba ka da ta cewa a kan inda za ka, aikinka ƙirga layuka da kallo. Ka yanke tun a gida ko lungun da mota ba ta shiga yana cikin lissafi (shawarata ya shiga, don a nan abin kallo ya fi yawa), da abin da za ka yi in hanya ta toshe: ka juyo, ka ɗauki fitowarka a matsayin mataki na gaba.

Irin dokar da ka rubuta ita ke tsara siffar tafiyar, kuma yana da kyau ka san haka. In ka ce kullum dama, gida ɗaya za ka yi ta zagayawa. In ka ce hagu, dama, hagu, dama, za ka yi ta nisa a karkace kamar mai hawa matakala, ba za ka dawo ba sai ka nemi mota. Dokar dama, dama, hagu kuwa, a unguwar da aka yanka layukanta daidai wa daida, za ta dawo da kai inda ka tashi bayan ka sha kwana sau 12. A tsohuwar unguwa mai murɗaɗɗun lunguna babu mai iya faɗa maka inda za ta jefa ka, kuma daɗin ke nan. Za a zo wata mararraba inda doka ta ce hagu, hagun kuma babu abin sha'awa a ciki, dama kuwa tana kiranka. Bi hagu. Zuciyar da take ce maka dama ita ce dai wadda ta gina maka alwatikarka.

In ba ka son ƙirga, yi ƙuri'a. Yanka ƴan takardu guda tara, uku ka rubuta dama, uku hagu, uku miƙe, ka nannaɗe su a aljihu, ka zaro ɗaya a kowace mahaɗa ka mayar. Yara suna son wannan ƙwarai.

Wasa na biyu na kofi ne. Buga taswirar wani ɓangare na gari a takarda, zai fi kyau ɗaya daga cikin wuraren da ka zagaye da ja. Kifa kofin shayi a kai, ka bi bakinsa da biro. Da'irar da ta fito ita ce hanyarka, aikinka ka bi ta a ƙasa iya kusancin da tituna suka ba ka dama. Ga lissafin nisa: a taswirar da santimita ɗaya ke wakiltar mita 100, kofi mai faɗin baki santimita 7 zai ba ka da'ira mai faɗin mita 700, kewayenta kusan kilomita 2.2. Tunda tituna ba sa lanƙwasa yadda da'ira take so, sai ka yi ta shiga da fita, don haka ka sa ran tafiyar za ta haura haka sosai. Abin da wannan wasa yake koyarwa daban ne da na farko. Da'ira ba ta san katanga ba, ba ta san kwata ko makaranta ko filin da aka killace ba, duk inda ta ratsa abin da ba ya ratsuwa dole ka zagaya. A nan za ka fara gane yadda aka ɗinke garin da inda ɗinkin ya tsinke: unguwa biyu da suke jin muryar juna amma sai an yi tafiyar minti ashirin kafin a isa daga wannan zuwa waccan, ƴar hanyar ƙafa da mutane suka fitar da kansu a inda masu tsara gari ba su sa ba. Duk inda ka rabu da layin biro, ka rubuta abin da ya raba ka da shi.

Na uku na masu son zama ne: tashar ƙarshe. Shiga motar haya ko bas ko jirgin ƙasan da ba ka taɓa shiga ba, ka zauna gefen taga, kada ka sauka sai direba ya kashe mota. William Helmreich, malamin jami'a a New York, mahaifinsa yakan yi masa wannan wasa yana yaro: su hau jirgin ƙarƙashin ƙasa har ƙarshen layi, su sauka su zaga unguwar da ƙafa. Da ya girma sai ya taka kusan dukkan titunan birnin, fiye da mil 6,000 cikin shekara huɗu. Ba sai ka yi nasa ba. Abin da nake so ka lura da shi yana tsakanin tasha da tasha: inda benaye suke ƙarewa, inda kwalta take komawa ƙasa, inda shaguna suke sauya irin kayan da suke sayarwa, su wane ne suke sauka a ina. Kafin ka yi nisa da tashar ƙarshe, tambayi lokacin da motar ƙarshe take komawa. Ka zaga na sa'a ɗaya, sannan in da hali ka dawo da ƙafa tasha biyu ko uku kafin ka sake hawa.

Akwai ƙanana da ba sa buƙatar dogon bayani. Zaɓi launi guda, ka ce shuɗi, ka nufi abu shuɗi na farko da ka hango, daga can ka nemi na gaba. Ko ka nemi lambobi a jere a jikin gari, daga 1 har inda ka iya kaiwa, a ƙofofi da alluna da jikin motoci. Ko ka ɗauki kwatancen da wani ya rubuta na zuwa wani wuri a wani gari daban ka bi shi a naku, kamar wani abokin Debord da ya zaga yankin Harz na Jamus yana bin taswirar Landan. Ko ka je wurin da baƙi suka fi ɗaukar hoto a garinku, ka juya masa baya, ka kalli abin da shi wurin yake kallo. Wanda ya fi duk waɗannan a wurina shi ne ka miƙa ragamar ga ƙaramin yaro, ɗan shekara huɗu ko biyar. Ka riƙe hannunsa a bakin titi, amma hanya tasa ce, tsayawa ma tasa ce. Zai iya ɓata minti goma a kan jerin tururuwa ko murfin rami, kuma idonsa yana kallon gari daga tsayin da kai ka bari tun tuni. Kada ka ce masa mu tafi.

Ka koyi tsayawa

Yawancin masu gwada wannan abu a nan suke gazawa: suna tafiya, ba sa tsayawa. A tsakiyar kowace fita ka nemi wurin zama inda jama'a suke wucewa, ka zauna aƙalla minti talatin. A watan Oktoba na 1974 marubucin Faransa Georges Perec ya yi kwana uku yana zuwa dandalin Saint-Sulpice a Paris, yana zama yana rubuta abin da ba wanda yake rubutawa: lambobin bas-bas da suke wucewa, tattabaru, launin jakar da ke hannun mai wucewa, sauyin yanayi. Gine-ginen dandalin an riga an yi rubutu a kansu, shi sauran yake nema.

Ka yi kamarsa. Rubuta lokaci a saman shafi, sannan duk abin da ya gifta, ba tare da ka tace ba. Minti goma na farko za ka ji kamar babu abin rubutawa, ka daure. Daga nan abubuwa za su fara maimaita kansu, kuma a maimaicin ne ake ganin tsarin wuri: wanda kowa yake gaisarwa, gefen titin da mutane suka fi bi saboda inuwa, mai talla da yake sauya wuri yana bin rana. In ka samu dama ka dawo wurin a wani lokaci daban, da sassafe ko bayan faɗuwar rana, za ka rantse an sauya maka shi.

Sai kunne. A shekarun 1970 wasu masu bincike a Vancouver ta Kanada, ƙarƙashin jagorancin R. Murray Schafer, sun mayar da tafiyar sauraro wani fanni na nazari. Yadda ake yi ba wuya: minti goma babu magana, ka fara da sautin da ya fi kusa da kai, wato takunka da numfashinka, ka matsa zuwa na layin da kake, sannan wanda ya fi kowanne nisa. Idan ku biyu ne, ɗaya ya zauna ya rufe ido ya faɗi abin da yake ji, ɗayan ya rubuta yana kuma lura da kaya. Hanci ma haka. Kowace unguwa da ƙamshinta ko warinta, kuma sau da yawa hanci yana riga ido sanin an shiga wata.

Mutane

Matambayi ba ya ɓata, sai dai ɗan gari yana jin nauyin tambaya a garinsu, gani yake kamar abin kunya ne. Ajiye wannan. Ka yi gaisuwa cikakkiya, ka faɗi gaskiya: nan garin nake, amma ban taɓa shigowa nan ba. Mutane suna sakin jiki da wannan magana fiye da yadda za ka zata. Tambayoyi uku sun ishe ka. Me ya sa ake kiran wurin nan da wannan suna? Me ke nan wurin kafin a yi wannan ginin? In baƙo ya zo unguwar nan, me ya kamata ya gani? Ka nemi dattawa da masu sana'ar da suka daɗe a wuri guda, su ne ma'ajiyar labarin layi. Amsar tambaya ta uku kuma tana iya zama wasa mai zaman kansa: ka je inda aka nuna maka, a can ka sake tambayar wani, har mutum biyar. Abin da aka gaya maka ka rubuta shi a matsayin an ce, don labarin baka yakan zo iri biyu ko uku, kuma bambancin ma abin rubutawa ne.

A nan akwai abin da nake so a riƙe da muhimmanci. Inda kake yi wa kallon wurin yawo, gidan wasu ne. Kada ka ɗauki hoton mutum, balle yaro, sai da izini, in an ce a'a ka yi godiya ka wuce. Kada ka leƙa ƙofar da aka bari a buɗe. Kada ka ɗauki hoton wuraren tsaro ko gine-ginen da aka hana, dokar ƙasashe da dama ba ta wasa da wannan. Idan dokar wasanka ta kai ka unguwar da ta fi taku talauci, ka shiga kamar yadda za ka so a shigo taku, ba kamar mai kallon abin tausayi ba. Idan wani ya tsare ka ya tambayi abin da kake rubutawa, yana da haƙƙin tambaya. Nuna masa littafin.

Dokar wasa kuma tana da inda take tsayawa. In ta nuna maka filin wani, ko babban titin da babu wurin tsallakawa, ko lungun da jikinka bai ba ka ba, ka tsallake wannan mataki ka ɗauki na gaba. Akwai bambanci tsakanin hanyar da ba ta burge ka ba da hanyar da ta tsorata ka: ta farko ka bi, ta biyu ka bari. Wuraren da ba ka sani ba ka fara zuwa musu da rana, yawon dare kuma a yi shi cikin rukuni a inda aka riga aka sani. Mace ko tsoho ko mai lalurar ƙafa su daidaita wasan da halinsu, a rage nisa, a tafi da abokin tafiya, ko a zaɓi wasan mota da na zama. Wanda ba ya iya fita ma ba a bar shi a baya ba. Xavier de Maistre, wani hafsan soja da aka yi wa ɗaurin talala na kwana 42 a ɗakinsa a birnin Turin, ya zaga ɗakin kamar wata ƙasa, daga kujera zuwa gado zuwa hotunan bango, labarin kuma ya fito a littafi a 1794. Taga guda da sa'a guda sun isa a fara.

Bayan ka dawo

A daren ranar, kafin abin ya dushe, ka ɗauko taswira ta gaskiya ka bi hanyar da ka taka da biro mai launi. Kowace fita da launinta. Sannan ka rubuta abu biyar da ka gani waɗanda jiya ba ka san da su ba, da tambaya ɗaya da ba ka samu amsarta ba. Tambayar nan ita ce za ta kai ka ɗakin karatu, ko wurin tsofaffin hotuna, ko gaban wani dattijo a fita ta gaba. In ka ga layi ko ƴar hanya da babu ita a taswirar intanet, kana iya ƙara ta a OpenStreetMap, wadda aka kafa a 2004 kuma masu sa kai ne suke gina ta. Ka sa abin da kowa yake iya gani daga titi kawai, ban da bayanin gidajen mutane.

Sau ɗaya a wata ya wadatar. Bayan fita shida, ka sake zama da farar takarda da fensir, waya a kife, minti goma sha biyar, ka zana garin da ka kamar yadda ka yi ranar farko. Ɗauko tsohuwar takardar mai kwanan wata ka ajiye su gefe da gefe. Farin wurin da ya fi girma a sabuwar, a kansa za ka kifa kofi a wata mai zuwa.